Littafi, Waya ko Manhaja: A Ina Ya Kamata Ka Ajiye Kalmomin Sirrinka?

A watan azumin da ya wuce aka zare wa ƙanwata waya a cikin adaidaita sahu. Asarar wayar ba ta dame ta kamar abin da ya biyo baya ba. Da muka sayo wata, muka zauna za mu dawo da asusunta na Google, sai na ce mata, "To, faɗo kalmar sirrin." Ta dube ni ta ce, "Yaya, ai ban taɓa saninta ba. Yaron shagon da na sayi wayar ne ya buɗe min." Hotunan 'ya'yanta, lambobin masu sayen turaren wutarta, shafin da take tallar kayanta, duk suna bayan wata ƙofa da ba ita ke riƙe da makullinta ba. Wasu mun samo su da ƙyar, wasu sun tafi ke nan.

Tun daga ranar, in aka tambaye ni wace hanya ce ta fi wajen adana kalmar sirri, da tambaya biyu nake auna ta. Ta farko, wa zai iya sace abin da na ajiye a wurin? Ta biyu, ranar da wayata ta ɓace ko na manta, ta yaya zan koma cikin asusuna? Yawancin shawarwarin da ake bayarwa a kan ta farko suke tsayawa, alhali mutanen da na sani ta biyun ce ta fi sa su kuka. Hanyar da ta dace da kai ita ce wadda ta amsa duka biyun daidai da yadda rayuwarka take.

Mu fara da hanyar da kusan kowa ke bi, wato ajiyewa a ka. Ba a iya sace ta daga aljihu, ba ta cin data, ba ta buƙatar caji. Matsalarta ita ce ƙwaƙwalwa ba ta riƙe kalmomi talatin masu wuya, don haka sai mutum ya zaɓi guda ɗaya, sunan ɗansa da shekarar haihuwarsa ko lambar wayarsa, ya liƙa ta a ko'ina. A nan ne bango ke tsagewa. Masu kutse ba sa zama su yi ta cankar kalmarka ɗaya bayan ɗaya. Wani shafi suke fasawa su kwashe jerin imel da kalmomin sirri, sannan su sa na'ura ta gwada su a sauran shafuka. A 2012 aka fasa LinkedIn, aka fara cewa kalmomi miliyan shida da rabi ne suka fita, sai a 2016 aka ga sun haura miliyan 100. Yahoo kuwa a 2017 ya amsa cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusunsa biliyan uku. In kalmar da ka sa a wani ƙaramin shafin neman aiki ita ce ta imel ɗinka, to ƙarfin imel ɗin bai wuce ƙarfin wannan ƙaramin shafin ba. Akwai shafin da wani masani ɗan Ostareliya, Troy Hunt, ya buɗe a 2013 mai suna Have I Been Pwned. Ka sa adireshin imel ɗinka kawai, zai nuna maka ko ya taɓa fitowa a cikin bayanan da aka sace. Kyauta ne, kuma ina ganin ya kamata kowa ya leƙa ko sau ɗaya.

Wasu kan yi dabarar ƙara sunan shafin a ƙarshen kalma ɗaya, a ce kaza-facebook, kaza-gmail. Wanda ya ga guda ɗaya ya gane sauran. Ka bar ƙwaƙwalwarka ta riƙe abu uku ko huɗu kawai, sauran a nema musu ma'ajiya.

Ma'ajiyar da mutane suka fi rugawa gare ta kuwa ita ce mafi muni: a rubuta a manhajar rubutu ta waya, ko a tura wa kai a WhatsApp, ko a ɗauki hoton fuskar waya, ko a ajiye lambar katin banki a cikin jerin lambobin waya da sunan "Banki". An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Duk wanda ya riƙe wayar a buɗe na minti biyu ya gani, ko mai gyara ne, ko mai cajin waya, ko yaron da ka ara wa ya yi wasa. Hoton kuma yakan hau rumbun hotuna na intanet ba tare da ka sani ba. Ba zan ɓata lokaci a kanta ba. In nan ka ajiye naka, ka kwashe su yau.

Littafi da biro fa? A nan nake saɓa wa masu yi wa takarda dariya. Ɗan kutsen da ke wata ƙasa ba shi da hannun da zai miƙo cikin akwatin ɗakinka. Tun a 2005 Bruce Schneier, ɗaya daga cikin fitattun masana tsaron kwamfuta a Amurka, ya ba da shawarar mutum ya rubuta kalmarsa mai wuya a takarda ya adana ta tare da sauran muhimman takardunsa, bisa hujjar cewa mun daɗe da iya tsaron takarda. Mu ma haka ne. Mun san inda ake ajiye takardar fili da takardar makaranta da rasiɗin babur. Ga dattijon da asusunsa ba su wuce biyar ba, ko uwar da ba ta son yawan latse-latse, ƙaramin littafi a ƙasan akwati mai kwaɗo ya fi duk wata manhaja da za a ɗora mata ta kasa sarrafawa.

Amma littafi yana da nasa maƙiyan, kuma na gida ne: ruwan damina, gara, gobara, tashi daga gidan haya, da idon wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Ga ɗalibin da ke zaune da mutum shida a ɗakin kwanan makaranta, ko wanda gidansu ba a rufe ƙofa, littafin ba sirri ba ne. Sannan ba ya tare da kai a kasuwa ranar da kake buƙatarsa, in kuma ka fara yawo da shi ya zama kamar wayar da ba ta da makulli. Wani aibinsa da ba a cika lura da shi ba shi ne, saboda da hannu za ka kwafa a kowane shiga, sai ka riƙa zaɓar gajerun kalmomi don sauƙi. Kuma littafi ba zai ce maka shafin da ka buɗe na bogi ba ne. In ka zaɓe shi, kar ka rubuta "kalmomin sirri" a bangonsa, kar ka haɗa shi wuri ɗaya da katin banki, ka rubuta kwanan wata duk sanda ka canza wata kalma, ka kuma bambanta sifili da harafin O yadda za ka gane bayan shekara biyu.

Sai ma'ajiyar da ta zo tare da wayarka. Duk mai Android, ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung, yana da ma'ajiyar kalmomin sirri ta Google a ciki, ita ce ke tambayarka ko ta adana kalmar da ka shigar. Masu iPhone suna da irinta ta Apple, wadda tun 2024 aka ware mata manhajarta mai suna Passwords. Alherinta ba kaɗan ba ne. Kyauta ce, ba sai ka sauke komai ba, tana ƙirƙiro maka doguwar kalma ta daban a kowane shafi, tana cike maka ita da kanta, tana kuma gargaɗinka in wata daga ciki ta fito a bayanan da aka sace. In wayar ta ɓace, da zarar ka shiga asusunka a sabuwa, komai ya dawo.

Akwai wani amfani da take da shi, ita da sauran manhajojin da zan ambata, wanda ni a wurina shi ya fi komai. Manhaja ba ta duba kamannin shafi, adireshinsa take dubawa. In aka turo maka saƙo cewa za a rufe asusunka ko ka ci wani tallafi, ka latsa, shafin ya buɗe da tambarin Facebook sak, idonka zai iya ruɗuwa amma manhajar ba za ta cike komai ba, domin adireshin bai yi daidai da wanda ta sani ba. Wannan shirun nata gargaɗi ne. Ranar da ka ga ta ƙi cikewa, ka tsaya ka duba kafin ka rubuta da hannu.

Rauninta shi ne duka ginin a kan ginshiƙi biyu yake: kalmar sirrin asusun Google ɗin kanta, da makullin fuskar wayarka. In wani ne ya buɗe maka asusun, kamar ƙanwata, ko mai kafe ne ya ƙirƙira maka imel ranar rajistar JAMB ya kuma bar lambarsa a matsayin lambar dawo da asusu, to ka gina ɗaki a filin wani. In kuma makullin wayarka 1234 ne, ko zanen harafin L da kowa a majalisa ya ga kana ja, wanda ya ɗauke wayar zai iya buɗe jerin kalmominka da wannan makullin. Irin wannan satar, ta a leƙa lambar mutum sannan a fizge wayar, ita ce ta sa Apple ya ƙara wani tsari na kariyar wayar da aka sace a farkon 2024. Sai matsala ta uku ga masu kwamfuta: akwai muggan manhajoji da aikinsu kwashe kalmomin da ke cikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, kuma sukan shigo ne ta manhajojin da aka fasa ake rabawa kyauta. Ko kusa kar ka bari burauzar kafe ko kwamfutar ofis da ake rabawa ta adana maka kalma.

Duk da haka, ga mutumin da wayarsa ɗaya ce kuma ita ce duk harkarsa, wannan hanyar nake ba shi shawara. Ba don ta fi kowace ƙarfi ba, sai don ita ce zai yi amfani da ita da gaske. Sharaɗin kawai ya karɓe asusunsa a hannunsa, ya canza kalmar, ya duba lambar waya da imel na dawo da asusu ko nasa ne, ya kuma sa wa wayar lamba shida ko fiye da ba ranar haihuwarsa ba.

Manhajojin da aka gina don wannan aikin kaɗai su ne mataki na gaba. Yadda suke aiki shi ne, ana kulle rumbun kalmominka a kan na'urarka da babbar kalma guda ɗaya kafin a aika kwafinsa wurin kamfanin, don haka abin da ke hannunsu rikitaccen rubutu ne da su ma ba sa iya karantawa. Wannan ne ƙarfinsu, shi ne kuma haɗarinsu: in ka manta babbar kalmar, babu wanda za ka kira ya buɗe maka.

Bitwarden, wadda ta fito a 2016, ita nake amfani da ita. Tsarinta na kyauta ya ishi mutum ɗaya, ba ya ƙayyade yawan kalmomi ko yawan na'urori, tana aiki a Android da iPhone da Windows da duk wata burauza, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga duk masanin da ke son bincika shi. 1Password ta wani kamfani ce a Kanada, ta fi daɗin sarrafawa, tana kuma da ƙarin kariya: ban da babbar kalmarka akwai wani dogon mabuɗi na haruffa 34 da ke zaune a na'urarka, wanda in babu shi rumbun ba ya buɗuwa ko da an san kalmar. Sai dai ba ta da tsarin kyauta, kuma biyan kuɗin waje duk shekara da katin naira ko sefa ba ƙaramin ciwon kai ba ne. Proton Pass ta Suwizalan, wadda ta fito a 2023, ita ma tana da tsarin kyauta. Tsakanin waɗannan ukun bambancin bai kai a yi dogon musu ba. Wanda ke da shago ko ƙungiya da mutane da yawa ke shiga asusu ɗaya shi ne zai fi cin moriyar tsarin biya, domin yana ba da damar raba kalma da ma'aikaci a kuma janye ta ranar da ya bar aiki.

Ba zan ɓoye tsoron da mutane ke yi ba, domin yana da tushe. A Disamban 2022 kamfanin LastPass, mai irin wannan manhajar, ya sanar cewa masu kutse sun kwafe rumbunan abokan hulɗarsa. Kalmomin sirrin a kulle suke, amma adireshin shafukan da mutane ke amfani da su ba a kulle ba, kuma tunda kwafin yana hannun ɓarayin, suna da duk lokacin da suke so su yi ta gwada babbar kalmar kowa. Wanda tasa doguwa ce, ba ta kuma taɓa fita a wani wuri ba, yana da kariya mai ƙarfi. Wanda tasa gajera ce sai da ya canza komai cikin gaggawa. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne in riƙa ƙaddara cewa wata rana za a iya sace rumbuna, in gina babbar kalmar da za ta jure hakan.

Ga wanda sam bai yarda rumbunsa ya kwana a hannun kamfani ba, akwai KeePass, wadda wani Bajamushe, Dominik Reichl, ya fara a 2003. Fayil guda ne kulle a na'urarka. Ana buɗe shi da KeePassXC a kwamfuta, da KeePassDX a Android. Kyauta ce, ba ta buƙatar intanet ko rajista. Amma duk nauyin yana wuyanka. Kai za ka riƙa kwafe fayil ɗin zuwa filashi ko wata na'ura, kai za ka tabbatar na waya da na kwamfuta sun zama iri ɗaya. Wayar ta faɗa rijiya babu kwafi, shi ke nan. Ina girmama wannan hanyar, amma sai ga mai tsari wanda ya san ba zai yi sakaci ba na ke ba da ita.

Yanzu babbar kalmar. An daɗe ana koya mana a cusa babban harafi da lamba da alama, a kuma canza duk wata uku. Hukumar NIST ta Amurka, wadda ake bin ƙa'idojinta a wannan fanni, ta janye daga wannan tun 2017, ta ce tsawo ya fi muhimmanci, kuma ba a canza kalma sai in akwai alamar ta fita. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce jera kalmomi biyar ko shida da ba su da dangantaka. Tun 1995 Arnold Reinhold ya fito da tsarin zaɓen kalmomi daga jerin guda 7,776 ta hanyar ƙuri'a, don kar son zuciyar mutum ya shiga zaɓen. Kai ma za ka iya yin kwatankwacinsa da ƙamus na Hausa: ka buɗe shafi ba tare da dubawa ba, ka ɗora yatsa, ka ɗauki abin da ya faɗo, har sau shida. Za ka samu abu kamar tsani, gishiri, kurciya, alkalami, rairayi, mazubi. Kar ka ɗauki waɗannan, an riga an gan su. Kar ka ɗauki karin magana, ko baitin waƙa, ko aya, ko sunayen 'ya'yanka a jere, domin duk abin da aka saba ji a jere ana iya cankarsa. Ka guji haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ a cikinta, saboda wata rana za ka zauna gaban na'urar da ba ta da su.

Duk hanyar da ka zaɓa, kar ka bar imel da WhatsApp da banki a kan kalma kaɗai. Ka kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an nemi wata lamba kafin a shiga. A nan ma akwai fifiko: lambar da ake turowa ta saƙon tes ta fi babu, amma tana rataye ne a layinka, kuma layi ana sace shi, ana yin sabonsa da sunanka ta hanyar damfara, in kuma ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sake sayar wa wani. Manhajar da ke fitar da lamba shida duk daƙiƙa talatin, irin Google Authenticator, ta fi aminci. A ƙasar da ake tura kuɗi da lambobin da ke farawa da alamar tauraro (*) ba tare da intanet ba, sa wa katin sim ɗinka lambar sirri wajibi ne, don in an cire shi aka sa a wata wayar ya ƙi aiki. Ka dai tanadi lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo da shi, domin kuskure uku yana kulle shi, kuma da ita ake buɗe shi. WhatsApp kuma yana da tasa lambar sirri mai lamba shida, wadda ke tare masu kiran mutum su ce ya karanto musu lambar da aka turo masa don shiga wani taro.

Sabon tsarin da Apple da Google da Microsoft suka haɗu a kai a 2022, wanda ake kira fas-ki, yana neman kawar da kalmar sirri gaba ɗaya: wayarka ce ke riƙe mabuɗin, kai kuma ka tabbatar da yatsa ko fuska, babu abin da za a yaudare ka ka rubuta a shafin bogi. Inda aka ba ka, ka karɓa. Sai dai shi ma a ma'ajiyar Google ko Apple ko Bitwarden yake kwana, don haka bai ɗauke maka zaɓen ma'ajiya ba.

Abin da na tsaya a kai, bayan duk wannan, haɗin biyu ne: manhaja ta riƙe tarin kalmomin, takarda ta riƙe mabuɗan manhajar. A takarda guda na rubuta babbar kalmata, da kalmar imel ɗina, da lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google ke bayarwa don shiga in babu waya, da lambar PUK. Na sa ta a ambulan na liƙe, tana tare da takardun gida. Mutum ɗaya ne ya san da ita, kuma na gaya masa dalili. Mun sha ganin magidanci ya rasu, kuɗin marayu ko lissafin bashin da ake bin sa yana cikin wayar da babu mai iya buɗewa, magada su yi ta zirga-zirga wata da watanni. Google yana da tsarin da za ka naɗa wanda za a sanar in asusunka ya yi wata uku zuwa sha takwas ba a taɓa shi ba, Bitwarden ma tana da irinsa a tsarin biya, amma ambulan ɗin ba ya buƙatar wanda aka bar wa ya iya kwamfuta.

In za ka ƙaura daga burauza zuwa wata manhaja, fayil ɗin da ake fitarwa a buɗe yake, kowa na iya karanta shi, don haka ka goge shi da zarar ka gama, har daga kwandon shara. Kuma ba sai ka canza kalmomi hamsin a dare ɗaya ba. Ka fara da imel, domin ta nan ake sake saita sauran, sai banki, sai shafukan sada zumunta, ragowar ka riƙa gyara su duk sanda ka shiga.

Ƙanwata ma'ajiyar Google ta zaɓa, ta ce Bitwarden ta yi mata yawa, ban kuma matsa mata ba. Da hannunta ta buɗe sabon asusun, da hannunta ta rubuta kalmomi shidan a takarda, ta kai wa Hajiya ta sa mata a akwatin da take ajiye sarƙoƙinta.